'Yan Aike Huɗu

Kafin in fara wannan babi dole in gaya muku cewa ba kome nake tunawa daidai ba. Kwana bakwai ne kawai, amma na yi ta juya su a raina har na fara tsoron wasu wurare sun shafe, kamar zanen ƙwaryar da ta sha hannu. Mai yiwuwa na musanya Litinin da Talata. Mai yiwuwa na sa wa wani maganar da wani ne ya faɗa. Inda na tabbata zan ce na tabbata, inda zato nake yi zan ce zato ne, domin ban iya wani irin rubutu ba sai wannan.

Abin da ya zaunar da ni rubuta shi kuwa, kai ne Abba. Ranar sunan ɗiyar yayarka Fatima na ji ka a zaure kana gaya wa abokanka cewa baffanka Sale ne ya ɓoye ciwon kakanku har ya rasu ban gan shi ba. Ban ce maka kome ba a lokacin, kuma shirun ma wani laifin ne. Na kuma lura an kwana biyu ba wanda ya je garinmu Bilbis gaishe da baffan naku a cikinku. Ku karanta wannan tukuna, sannan ku yanke abin da za ku yanke.

A shekarar da nake magana ina koyar da fiziks a wata sakandare a Bungudu, muna zaune a Gusau, kullum in bi mota in je in dawo. Na koma karatun digiri na biyu bayan na haura arba'in, abin da mutane da yawa suka ɗauka rashin aikin yi ne. Malamata, Dakta Binta, ita ta sa ni cikin wata ƙaramar ƙungiya ta malamai da ɗalibai daga ƙasashe dabam-dabam, masu binciken abubuwan da suka fi kome ƙarfi a sararin samaniya. Akwai taurarin da ke fashewa. Akwai kuma baƙaƙen ramuka a tsakiyar wasu gungun taurari masu nisa, waɗanda ke haɗiye abin da ya kusance su, sannan wani ɓangare ya feso waje da ƙarfin da ba mu da abin kwatanta shi a duniya. Ba wanda zai je can ya gani. Sai dai mu zauna mu jira abin da suka aiko, kuma 'yan aiken nasu huɗu ne.

Na taɓa yi wa Baba bayanin wannan a Bilbis, wata damina, muna zaune gindin kaɗanyar da ke bakin gona bayan an tashi daga noma. Shi ma ya san taurarinsa, yakan dubi Kaza da 'ya'yanta ya ce ruwa ya kusa, amma bai taɓa gane abin da ya sa babban mutum mai iyali zai koma ɗalibi a kansu ba. Na ce masa ɗan aike na farko haske ne, daga wanda ido ke gani har wanda sai na'ura. Shi ya fi yawan labari, sai dai hayaƙi da tarkacen hanya sukan tare shi. Na biyu wasu ƙwayoyi ne masu ɗauke da lantarki, suna isowa da ƙarfinsu, amma maganaɗisun da ke hanya yana ta karkata su, in sun iso ba ka iya cewa daga ina suka taso. Na uku girgiza ce ta sararin kansa, idan manyan abubuwa biyu suka yi karo. Na huɗu ana ce mata nutirino, ƙwaya ce ƙanƙanuwa wadda ke ratsa dutse da ƙasa kamar ba su nan, ba ta karkata ko kaɗan. Kama ta da wuya, sai da aka binne na'urori cikin ƙanƙara a can ƙarshen kudancin duniya, kuma sau da yawa guda ɗaya tak ake samu.

Baba ya kaɗe ƙasar fartanyarsa, ya ce:

"To ai wagga ta ƙarshe ita ce 'yar aiken kirki, ba ta tsayawa hira. Na biyun nan kuwa na san shi, Ɗanladi direba ne. Ka aike shi Gusau, shi biya ta Kaura, shi dawo maka da labarin Funtuwa."

Tun ranar ya sa mini suna Malamin Sama. Ya kuma tambaye ni, idan guda ɗayan nan ta iso ita kaɗai, muna yarda da ita? Na ce a'a. Da yawa irinta a cikin iskar duniyarmu ake haifar su, ba daga nesa suka zo ba. Ba ma yin shela sai wani ɗan aike dabam, wanda bai haɗa hanya da ita ba, ya nuna wuri ɗaya a lokaci ɗaya. Ya gyaɗa kai, ya ce ashe ganin wata ne, mutum ɗaya ba ya sauke wa gari azumi. Na ji daɗin yadda ya gane. Amma rabin ƙa'idar na gaya masa ranar, rabin da ya dace da halina. Zan zo ga ɗaya rabin.

Sai aka yanke layin waya a jihar baki ɗaya saboda 'yan bindiga. Ku manya kuna iya tunawa. Aka rufe kasuwannin mako, mai ya yi wuya, aka taƙaita babura. Mutanen da suka manta yadda ake riƙe biro suka koma rubuta wasiƙa, tasha ta zama gidan waya, direbobi suka zama su ne labari. 'Yan kwanaki kafin a yanke layin, na'urorin cikin ƙanƙarar nan sun kama wata nutirino mai ƙarfi, Dakta Binta ta ba ni aikin duba wani gungun taurari da ke wajen da ta fito, in ga ko haskensa ya ƙaru a daidai lokacin. A kan wannan aikin za a yi mini tambayoyi ta bidiyo ranar wata Alhamis da tsakar rana, domin akwai gurbi ɗaya na digirin dakta a ƙungiyar. Tun da babu layi a wajenmu, sai na shirya zuwa Zariya wajen wani abokin karatuna.

Na rubuta wa Baba wasiƙa ina neman addu'a. Na faɗi ranar. Akwai jimla ɗaya a ciki da na tabbata da ita, domin daga baya na tsinci takardar a ƙarƙashin buzunsa: "Baba, a shekaruna wannan ita ce dama ta ƙarshe, in ta wuce ba wata." Ban san abin da ya sa na rubuta haka ba. Ina jin so nake ya ga abin da girma.

Ranar Asabar kafin Alhamis ɗin, Ɗanladi direba ya kawo mini amsa da rubutun Yaya Sale, wanda shi ke zaune da Baba a gida tun rasuwar Inna. Ya ce Baba ya ɗan yi zazzaɓi, ƙafa ta ɗan kumbura, amma da sauƙi, kuma ya ce in yi abin da ke gabana. Hankalina bai kwanta ba, ba ya kwanciya dama. Washegari na nemi Alhaji Mamman mai hatsi, ɗan garinmu da ke da rumfa a Gusau, domin na ji ya je gida ya dawo. Ya yi mini dariya, ya ce in daina tsufa da wuri.

"Tsohonka Malam ai ya warware. Kunu ma anka ce kofi biyu ya sha."

Na ji "anka ce" ɗin da kunnena. Ban tsaya a kanta ba.

Ranar Litinin, ko Talata, lokacin hutun tara, maigadin makaranta ya zo ya ce wata tsohuwar Bafulatana na nemana a bakin ƙofa, ya hana ta shiga ta ƙi tafiya. Goggo Hajjo ce. Ba ku san ta ba sai Fatima, ita ma tana ƙarama. Rugarsu na bayan gonarmu tun kafin a haife ni, ita ke kawo mana nono, shanunsu ke kwana a gonarmu da rani su bar mana taki. Ita kaɗai ke kirana Sanda. A shekarar sun shiga tsaka mai wuya, 'yan bindiga sun kwashe musu shanu, mutanen gari kuma suna yi musu kallon da bai kamata ba. Sun tashi ke nan za su wajen danginsu gaba da Bungudu, a ƙasa, da abin da ya rage musu. Ta rame. Ƙwaryar da ke kanta ba kome a ciki. Ba ta bari mun gama gaisuwa ba.

"Sanda, ka tahi ka ɗauko tsohonka."

Na ce mata an rubuto mini, da sauƙi.

"Ni ban san takarda ba. Na shiga yi mai bankwana. Zaune shika kwana, bai iya kwanciya, numfashi bai isa tai. Ƙafafun awa turmi. Na dama mai hura, kurɓa biyu ya yi ya miƙo min. Malam da ka shanye ƙwarya shi ce a ƙaro."

Abin da na yi bayan wannan ina jin kunyar rubuta shi. Na shiga yi mata tambayoyi kamar ina gyaran jarrabawa. Wace rana ce? Da safe ko da yamma? Ɗakin da haske? Ko ya riga ya ci wani abu kafin ta zo? Ta amsa biyu, a ta uku ta tsaya tana kallona.

"Kai alƙali ne? Na hwaɗa maka abin da na gani."

Na ce ta shigo ta huta, ta ce mutanenta na jiranta gindin wata tsamiya. Ta gyara ƙwaryarta ta juya. Ban sake ganinta ba.

Da na koma gida bayan la'asar na gaya wa mahaifiyarku. Tana tankaɗe, ta ajiye rariyar ta ce in kama hanya da safe. Ni kuwa na ɗauko takarda na ja layuka, yadda nake yi wa aikina. Na rubuta sunan kowa, da abin da ya ce, da ranar da ya faɗa, da nauyin da zan ba maganarsa. A gaban Yaya Sale na rubuta cewa shi ke tare da Baba. A gaban Alhaji Mamman na rubuta cewa ba shi da dalilin yi mini ƙarya. A gaban Goggo Hajjo na rubuta: tsohuwa, tana cikin tashin hankali, idonta ya yi rauni, ita kaɗai ce. Na yi wa mahaifiyarku bayani cewa labari ɗaya da ya saɓa wa saura yakan zama kuskuren mai gani, kuma a aikinmu wanda ya yi saurin shela a kan abu ɗaya shi ke jin kunya.

Ta ce, "Malam, wa ya ce ka yi shela? Ubanka ne. Je ka duba shi."

Na ce mota ɗaya ce ke shiga Bilbis a rana, in na shiga Laraba ba lalle in fito in kai Zariya kafin Alhamis ba. Na ce hanyar ma ba lafiya. Duk gaskiya ne. Sai dai har yau ban iya raba muku nawa ne lissafi a ciki, nawa ne tsoron hanya, nawa ne kuma son gurbin nan. Na yi ƙoƙarin rabawa na kasa. Muka tsaya a kan cewa motar Zariya ta Tsafe take bi, inda ake hawa motar Bilbis, zan sauka a tasha in nemi wanda ya fito daga gida a ranar. Idan labari ba daɗi, in fasa.

Laraba da hantsi muka isa Tsafe. Direba ya ce minti goma. Ban sha wuya ba na ga Habu tela, maƙwabcinmu, katangarsa ce ta raba mu, ya fito neman zare. Na riƙe hannunsa na tambaye shi jikin Baba. Ya ce da sauƙi ƙwarai, jiya ma ya je gaisuwa, har ana cewa Malam na son leƙa gona ya ga girbin gero. A gefenmu a-kori-kurar Bilbis na lodi, an ɗaura buhunan gishiri, saura mutum biyu ta tashi. Yaron motar ma ya gane ni, ya ce Malam za ka gida? Direban Zariya ya danna ham. Na tsaya tsakanin motocin biyu, jakar kwamfuta a kafaɗata, na ƙirga: uku sun ce da sauƙi, ɗaya ta ce a'a. Na shiga motar Zariya. Abin da na tabbata da shi, kuma shi ya fi cina, shi ne da muka fita garin wani sanyi na ji a ƙirjina, irin na wanda aka sauke wa kaya.

Ranar Alhamis abokina ya ba ni ofishinsa, ya rufe mini ƙofa. Mutum huɗu ne a fuskar kwamfutar, da Dakta Binta a cikinsu. Da Turanci muka yi, ma'anar zan ba ku. Na nuna musu cewa hasken gungun taurarin nan ya ɗan ƙaru a makonnin da nutirinon ta iso, na kuma jera dalilan da za su sa a yi shakka, domin a wannan ba a fi ni ba. Sai wani dattijo mai farin gemu ya ce ya ga na samo ƙaruwar hasken a rumbunan bayanai guda biyu, me ya sa na ƙirga su shaida ɗaya? Tambayar da na fi shirya wa ke nan. Na ce domin na bi asalinsu, na tarar duka biyun daga na'ura ɗaya suka kwaso. Idan na'urar ta yi kuskure, duka biyun za su maimaita shi. Na ce kafin a ƙirga shaidu, sai an tambayi kowanne daga ina ya samo, kuma a takarduna wannan shi ne layin farko.

Ina rufe baki na ga, a idon zuciyata, takardar nan ta ciwon Baba da na bari a gida. Babu wannan layin a cikinta.

Na tuna "anka ce" ta Alhaji Mamman. Na tuna "ana cewa" ta Habu tela. Na tuna abin da na sani tun ina yaro, cewa namiji in ya je duba mara lafiya a garinmu a zaure yake tsayawa, sai in an ce ya shigo, kuma wanda ya tarar a zauren shi ke ba shi labari. Mace kuwa sallama kawai take yi ta wuce ciki.

Dattijon ya ce madalla, ya yi tambaya ta biyu. Idan nutirino ɗaya ce tak, ba wani ɗan aike da ya goyi bayanta tukuna, me ya kamata a yi? Na ji bakina yana ba da amsa, daidai kuma. Na ce ba a yin shela, amma ba a jira. Nan take ake sanar da kowa, duk mai madubin hangen nesa ya bar abin da yake yi ya juya shi wajen, domin irin waɗannan abubuwa sukan yi haske su dushe cikin kwanaki ko sa'o'i. In ƙarya ce, an yi asarar dare ɗaya. In gaskiya ce aka tsaya jiran tabbaci, in an juya ba za a tarar da kome ba. Wannan shi ne ɗaya rabin ƙa'idar, wanda ban gaya wa Baba ba a gindin kaɗanya, wanda mahaifiyarku ta faɗa mini da rariya a gabanta ba tare da ta taɓa jin sunan nutirino ba.

Ban tuna yadda aka ƙare ba. Abokina ya ce na yi godiya kamar kowa, na rufe kwamfuta, na fita ban ɗauki hulata ba. Na sami mota zuwa Funtuwa, amma daga can ba direban da ya yarda ya shiga hanyar Tsafe bayan la'asar, ko nawa za a ba shi. Na kwana a masallacin tasha. Da safe sai da aka jira motoci suka taru aka tafi a jere. Na isa Tsafe rana ta ɗaga, na jira a-kori-kurar nan ta cika. Wannan karon yaron motar bai tambaye ni ko za ni gida ba. Ya karɓi jakata ya ba ni gaba, kuma ba wanda ya yi mini hira har muka isa.

Tun daga kan kwana na hango tabarmi a ƙofar gida. Ya rasu da asuba, an kai shi da hantsi.

Sai bayan addu'ar uku Yaya Sale ya iya ba ni labari, a ɗakin Baba, ƙofa a rufe. Ciwon ya yi tsanani tun kafin wasiƙata ta iso. Da ta iso Baba ya sa ya karanta masa sau biyu, sannan ya kama hannunsa ya ce:

"Kowa ya tambaya, ka ce da sauƙi, har Alhamis ta wuce. Ka ji ko ba ka ji ba?"

Yaya Sale ya ce ya roƙe shi su je asibiti ko Tsafe ne, Baba ya ce in an ɗauke shi a mota, kafin su sauka labari ya kai Gusau. Saboda haka Yaya Sale ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya zauna kwana da kwanaki yana tare maza, yana cewa Malam ya sami barci. Kunu kofi biyu shi ya ƙirƙira. Zuwa gona shi ya ƙirƙira. Ya ce kowace ƙarya in ya faɗa sai ya shiga bayan gida ya yi kuka. Wanda ya taɓa zama ɗa a gaban irin Baba ya san ba a yi masa musu, kuma ni ban ga abin da zan kama Yaya Sale da shi ba. Ranar Alhamis, in ji shi, Baba ya yi ta tambaya ko rana ta kai tsaka. Da aka ce ta kai, sai ya ce:

"To, yanzu Malamin Sama na magana."

Ya yi ta jan carbi har azahar. Bayan sallah ya ce yanzu a nemo mota. Ba a samu ba, an ce sai da safe.

Na tambayi wani likita abokina, ba sau ɗaya ba, ko da na ɗauko shi ranar Laraba zai tashi. Ya ce daga abin da na kwatanta ciwon zuciya ne ya tara masa ruwa, akwai magungunan da ke janye ruwan, wasu sukan ƙara shekaru, wasu ba sa kai mako. Ya ce ba zai iya cewa ba. Na san ba zai iya ba, da ni ne ma haka zan amsa. Mutane sun ce mini kwana ne ya ƙare, kuma na yi imani da haka. Amma kwanan da ya ƙare bai hana in kasance a gefensa ba. Ni na hana kaina, da biro da takarda.

Akwai wani abu kuma da ban taɓa gaya wa kowa ba. Wani lokaci ina jin kamar da Goggo Hajjo ta juya za ta tafi, ta ce, "Ya hana a hwaɗi." In ta faɗa, to na san kome tun a bakin ƙofar makaranta, kuma takardar da na ja wa layuka ba lissafi ba ce, mafaka ce. Wata rana ina jin muryarta sarai. Wata rana ina ganin ni na ƙara daga baya don in ƙara wa kaina azaba. Maigadin da ke tsaye a wajen ya rasu. Na je gaba da Bungudu sau uku ina neman rugarsu, aka ce sun ƙara gaba, wani ya ce wajen Magami, wani ya ce sun bar jihar.

Gurbin kuwa ni aka ba. Da layi ya dawo na tarar da saƙon Dakta Binta, ta ce dattijon nan ya yaba da amsoshina biyu. Na nemi a ɗaga mini zuwa baɗi, aka ɗaga. Na sake nema, aka sake ɗagawa. A na uku ban amsa ba, ita ma ta gaji ta daina rubutowa, kuma ban ga laifinta ba. Gungun taurarin da na yi aiki a kansa, daga baya na ji an ce ba a iya tabbatar da cewa daga can nutirinon ta fito ba, mai yiwuwa dacewa ce kawai. Kwamfutar na cikin akwatin da ke ƙarƙashin gadona. Har na bar aji ban sake yi wa ɗalibai zancen 'yan aike huɗu ba, kuma in na fito alwalar asuba ƙasa nake kallo.

Abba, sunansa ka ci, shi ya sa maganarka ta fi yi mini ciwo. Baffanka ya riƙe amanar da aka ɗora masa, ta kuma ci shi fiye da yadda kuke zato. Labarin gaskiya ya iso ni, a ƙasa, da ƙafar tsohuwa, kwana uku ko huɗu kafin lokaci ya ƙure. In kuna neman wanda za ku daina gaisarwa, ba sai kun je Bilbis ba.

Wannan shi ne abin da na iya tunawa, kuma shaidar mutum ɗaya ce, mutumin da ke da dalilin son wasu wurare su shafe. Yaya Sale na nan, Habu tela na nan, Alhaji Mamman ya tsufa amma hankalinsa garau, mahaifiyarku kuma ta fi ni riƙe ranaku. Duk wanda ya ga inda na kauce, ina roƙonsa ya aiko mini da gyara tun ina da rai, a rubuce ko ta bakin 'ya'yana, ko da gyaran zai ƙara mini nauyi ne. Wanda kuma ya san inda Goggo Hajjo take, ko wani nata, don Allah ya sanar da ni, tambaya ɗaya ce gare ni. Abu ɗaya nake nema ga mai aiko da gyara: ya fara da gaya mini ko shiga ɗakin ya yi, ko a zaure ya tsaya.